NOKIA DA MA'AIKATANTA: YADDA AKE RUFE MASANA'ANTA BA A RUFE WA MUTANE HANYA BA

Da wuya a sami gida a ƙasar nan wanda wayar Nokia ba ta taɓa kwana a cikinsa ba. Tun sa'ad da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, wannan suna ya zama ruwan dare a birni da ƙauye. 'Yar ƙaramar nan mai tocila, wato Nokia 1100, wadda ta fito a 2003, an sayar da fiye da miliyan 250 nata a duniya. Har ma a 2005 kamfanin ya ba da sanarwa cewa wayarsa ta cikon biliyan ɗaya a Nijeriya aka saye ta, kuma ita wannan mai tocilar ce.

Abin da yawancinmu ba mu ji ba shi ne labarin mutanen da suke ƙera waɗannan wayoyi, da yadda kamfanin ya rabu da dubbansu. Sau biyu cikin shekara huɗu Nokia ya tsinci kansa a gaban ma'aikata yana gaya musu cewa aikinsu ya ƙare. Na farkon ya zame masa abin kunya. Na biyun kuwa ya zama darasin da ake koyarwa a makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harvard a Amurka. Duk wanda Allah ya ɗora a kan mutane, ko shugaban makaranta ne, ko mai kula da asibiti, ko manajan banki, ko mai gidan burodi da ke da yara goma a ƙarƙashinsa, wata rana zai tsaya a irin wannan wuri. Saboda haka labarin ya cancanci a bi shi daki-daki.

ABIN DA YA FARU A BOCHUM

Bochum gari ne a yammacin ƙasar Jamus, a yankin da aka sani da haƙar kwal da narkar da ƙarfe. Ramukan kwal ɗin sun daɗe da rufewa, don haka masana'antar Nokia tana cikin 'yan wuraren da suka rage wa mutanen garin na samun abinci. Ranar 15 ga Janairu, 2008, kamfanin, wanda hedkwatarsa take ƙasar Finlan, ya sanar cewa zai rufe masana'antar, ya mai da aikin wata sabuwa kusa da birnin Cluj a ƙasar Romaniya, inda ladan ma'aikaci bai kai ko kusa da na Jamus ba. Mutum 2,300 ne abin ya shafa kai tsaye, ban da ma'aikatan wucin gadi da na ƙananan kamfanonin da ke kawo kaya.

A kan takarda, lissafin shugabannin yana da hujja. Farashin waya yana ta faɗuwa, kuɗin ƙera ta a Jamus yana ta hawa. Amma ga abin da ma'aikatan suka gani da idonsu: masana'antarsu tana kawo riba, kamfanin kuma ya fito ne daga shekarar da ya ci ribar da bai taɓa cin irinta ba, fiye da Yuro biliyan 7 a 2007, yana riƙe da kusan kashi 40 cikin 100 na kasuwar waya ta duniya. Sa'an nan ba a zauna da su ba kafin a yanke shawara. A Jamus kuwa al'ada ce mai ƙarfi a zauna da wakilan ma'aikata a nemi mafita tare kafin a kai ga rufe wuri. Su dai sun wayi gari ne aka karanta musu hukunci.

Mako guda bayan sanarwar, mutane wajen 15,000 suka fito zanga-zanga a titunan garin. Ministan kuɗi na Jamus a lokacin, Peer Steinbrück, ya kwatanta abin da jari-hujja irin ta ayarin fatake, a ci zango yau, gobe a naɗe kaya a yi gaba. Wani ministan, Horst Seehofer, ya ce zai rabu da wayarsa ta Nokia. Gwamnatin jihar ta nemi kamfanin ya dawo da tallafin Yuro miliyan 41 da aka ba shi a baya. Jama'a suka shiga ƙaurace wa kayansa. A watan Afrilu aka daidaita a kan Yuro miliyan 200 na sallama da taimakon ma'aikata, wato fiye da Yuro 80,000 ke nan a kan kowane mutum. Wannan bai wanke sunan kamfanin ba. Shugabanninsa da kansu sun ƙiyasta daga baya cewa tsakanin 2008 da 2010 sun yi asarar cinikin Yuro miliyan 700 a ƙasar Jamus.

Abin ban takaici, masana'antar Romaniyan da aka yi duk wannan rigima dominta ba ta cika shekara huɗu ba ita ma aka rufe ta.

WANDA YA RIGA KA BARCI

Me ya sa shugabanni masu ilimi da ƙwarewa suka yi irin wannan tuntuɓe? Wani Ba'amurke mai suna William Bridges, wanda dā malamin adabi ne kafin ya koma ba kamfanoni shawara, ya riga ya yi bayanin wannan a littattafai biyu da ya fitar a 1980 da 1991. Ya ce abu biyu ne mutane suke haɗawa su ɗauka ɗaya ne. Akwai canji, wato abin da ke faruwa a waje: an haɗe makarantu biyu, an kawo kwamfuta ofis, an naɗa sabon shugaba, an rufe reshe. Wannan yana da rana da kwanan wata. Sa'an nan akwai ƙetarewar da mutum zai yi a cikin zuciyarsa daga tsohon zama zuwa sabo. Wannan ba ta bin kalanda, ba kuma a yin ta da takardar umarni.

Bisa ga bayaninsa, ƙetarewar tana da mataki uku, kuma daga ƙarshe take farawa. Da fari mutum zai rabu da abin da ya saba. Wanda ya yi shekara 20 a teburi ɗaya ba albashi kaɗai yake rasawa ba. Yana rasa abokan da suke cin abincin rana tare, da gwanintar da ta sa ake zuwa tambayarsa, da amsar da yakan bayar in an ce, "Ina kake aiki?" Bayan wannan sai zaman tsakiya, inda tsohon ya wuce, sabon kuma bai kafu ba. A nan ne jita-jita take yawa, aiki yakan yi sanyi, masu ƙwazo sukan fara neman wani wuri a ɓoye. Sai a mataki na uku ne mutum yake kama sabon abu da hannu biyu.

Bridges yakan kawo misalin da masu karatun wannan shafi suka sani sarai, wato Musa da Isra'ilawa. Fita daga Masar dare ɗaya ta ɗauka, amma fitar da Masar daga zukatan mutanen ta ci shekara 40. A jeji suka riƙa tuna kifi da albasa da tafarnuwar ƙasar da aka bautar da su. Shugaban da bai fahimci wannan ba zai ɗauka mutanensa butulu ne ko masu taurin kai, alhali kuwa makoki suke yi.

Akwai kuma wani abu da ya lura da shi wanda, a ganina, shi ne zuciyar kuskuren Bochum. Ya kwatanta canji da gudun famfalaki mai dubban mutane, inda na sahun gaba sukan yi nisa tun na baya ba su ko ɗaga ƙafa ba. Shugabanni sun yi watanni suna duba alƙaluma, sun yi gardama, sun yi nasu baƙin cikin a ɗakin taro, sun haƙura. Ranar da suka fito yin sanarwa, su sun gama ƙetarewa. Ma'aikaci kuwa a ranar yake jin maganar karo na farko. Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Laifin shi ne wanda ya tashi ya tsaya a kan wanda ya kwanta yanzu yana yi masa faɗan nawa.

GADAR 2011

Shekara uku bayan Bochum, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Wayar iPhone ta kamfanin Apple, wadda ta fito a 2007, da wayoyi masu aiki da Android sun cinye kasuwar manyan wayoyi. A watan Fabrairun 2011 sabon shugaban Nokia, Stephen Elop, ya rubuta wa ma'aikata wasiƙa yana kwatanta kamfanin da mutumin da ke tsaye a kan dandamalin haƙar mai a tsakiyar teku, wuta ta kama, ba shi da zaɓi sai ya faɗa ruwa mai sanyi. Ranar 11 ga watan ya sanar cewa za su bar manhajarsu ta Symbian su koma ta Microsoft. Ma'anar wannan ita ce dubban injiniyoyi da ma'aikatan masana'antu ba su da sauran gurbi. A Afrilu aka sanar da rage mutum 4,000 da miƙa wasu 3,000 ga kamfanin Accenture. A Satumba aka sanar da rufe masana'antar Cluj mai mutum 2,200. A Yunin 2012 aka ƙara 10,000, har da masana'antar garin Salo a Finlan, wadda take kamar cibiyar kamfanin.

Amma wannan karon hukumar gudanarwa, ƙarƙashin Jorma Ollila, ta ƙudura cewa ba za a maimaita Bochum ba. Aka kafa wani shiri mai suna Bridge, wato gada. (Sunan ya yi kama da na marubucin da muka ambata, amma dacewa ce kawai.) Manufarsa ɗaya ce, kuma mai sauƙin aunawa: a ranar da mutum zai fita ƙofa, ya zama ya san inda zai sa ƙafa gobe.

An shimfiɗa wa kowa hanyoyi ya zaɓa. Mai son zama a Nokia zai nemi wani gurbi a ciki, kuma kwamiti ne yake tantancewa, ba manajan da yake kansa ba, domin a toshe ƙofar son kai da ta 'yan gaban goshi. Mai son aiki a waje ana taimaka masa ya gyara takardunsa, a koya masa yadda ake amsa tambayoyin ɗaukar aiki, a kuma gayyato wasu kamfanoni, har da abokan hamayya, su zo su ɗebi ma'aikata. Mai son komawa karatu ana ba shi tallafi. Mai son kafa sana'arsa kuwa yana iya samun jari har Yuro 25,000, kuma mutum huɗu suna iya haɗa nasu ya zama 100,000. Wasu ma an bar su su tafi da fasahohin da kamfanin ya ƙirƙira amma ba ya bukatarsu kuma. Kamfanin waya na Jolla a Finlan, wanda tsofaffin ma'aikatan Nokia suka kafa a 2011, yana cikin waɗanda suka ci moriyar wannan.

Abu biyu cikin tsarin sun fi kuɗin muhimmanci. Na ɗaya, an faɗa wa mutane da wuri. Masu kamfani sukan ji tsoron haka, wai in ma'aikaci ya san za a sallame shi zai yi zagon ƙasa ko ya daina aiki, shi ya sa sukan ɓoye har ranar Jumma'a da yamma. Nokia ya ba da watanni, mutane suna aiki suna kuma neman na gaba a fili, ba a ɓoye ba. Farfesa Sandra Sucher ta Harvard, wadda ta bi diddigin shirin, ta ba da rahoton cewa ingancin aiki a wuraren da za a rufe bai faɗi ba, a wasu wuraren ma ƙaruwa ya yi.

Na biyu, ba a turo baƙi daga hedkwata su gudanar da shirin ba. Shugabannin kowane wuri aka damƙa wa, waɗanda suka san wane ne matarsa take da ciki, wane ne yake da bashin gida, wane kamfani ne a garin yake neman masu walda. Da yawa daga cikinsu su ma suna cikin waɗanda za a sallama. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In mutumin da ke ba ka shawara shi ma takardarsa tana cikin aljihu, maganarsa takan shiga kunne.

Shirin ya shafi mutum wajen 18,000 a ƙasashe 13. Kashi 60 cikin 100 sun san abin da za su yi tun kafin ranarsu ta ƙarshe. An kafa sababbin kamfanoni kusan 1,000. Kuɗin da aka kashe a kan shirin Yuro miliyan 50 ne, ƙasa da 3,000 a kan kowane mutum. Sai dai a yi hattara wajen gwada wannan da miliyan 200 na Bochum, gama na Bochum ya haɗa da kuɗin sallama, na gadar kuwa ƙari ne a kan kuɗin sallamar da aka biya dabam. Abin da za a iya faɗa ba shakka shi ne ba a sake ganin irin boren Bochum ba, ko da yake waɗanda aka sallama sun ninka na can kusan sau takwas.

Kada kuma mai karatu ya manta da ragowar kashi 40 ɗin. Mutum sama da 7,000 ke nan suka fita ba su san gobensu ba. Garin Salo ya sha wuyar rashin aiki shekaru bayan haka. Gadar kuma ba ta ceci sana'ar wayar ba. Tun da aka ce za a bar Symbian masu saye suka janye, alhali sabuwar wayar Lumia ba ta fito ba sai ƙarshen 2011. A 2012 Samsung ya karɓe matsayi na ɗaya da Nokia ya riƙe tun 1998. A 2013 aka amince a sayar wa Microsoft sashen wayar a kan Yuro biliyan 5.44, aka kammala cinikin a 2014. Kyautata wa mutane a lokacin canji bai maye gurbin yanke shawara daidai ba, kowanne da nasa hisabin. Kamfanin dai bai mutu ba. Ya koma ga ƙera na'urorin sadarwa, irin waɗanda ake ɗorawa a kan dogayen ƙarafunan sabis, ya kuma sayi Alcatel-Lucent a 2016. Ba shi ne karon farko da ya sāke fata ba, gama a 1865 da niƙa katako don yin takarda ya fara, ya bi ta takalman roba da wayoyin lantarki da talabijin kafin ya iso ga salula.

TO, MU DA BA MU DA YURO FA?

Wani zai ce wannan zancen masu kuɗi ne. Mutanen Kakuri a Kaduna sun san ɗaya fuskar labarin fiye da kowa. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002, ta UNTL kuma ta rufe a 2007, tsofaffin ma'aikatan KTL suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Wanda bai biya haƙƙin da ke kansa ba, maganar gada ba ta ma taso ba. Wannan shi ne tushe.

Amma in aka duba da kyau, yawancin abin da ya bambanta 2011 da 2008 ba da kuɗi ake sayensa ba. Shugabar makarantar da za ta haɗe aji biyu ta rage malamai uku tana iya faɗa musu tun farkon zango maimakon ranar ba da hutu. Tana iya faɗin dalilin a fili, da alƙaluman kuɗin makaranta a kan tebur, ta kuma maimaita shi sau da yawa, gama wanda ya ji mummunan labari ba ya jin rabin abin da aka faɗa bayansa. Tana iya ɗaga waya ta kira shugabannin makarantun da ke kusa, ta rubuta takardar shaida mai kyau tun ba a roƙe ta ba, ta bar malami ya je ganawar neman aiki ba tare da an yanke masa albashin ranar ba. In akwai abin da ba a yanke ba tukuna, ta ce ba a yanke ba, ta faɗi ranar da za a yanke. Shiru shi ne takin jita-jita.

Akwai wani kuskure da sababbin shugabanni suka cika yi, wato zagin jiya don a tallata gobe. Sabon manaja ya zo da kwamfuta, sai ya tsaya gaban akawun da ya yi shekara 25 yana riƙe da littafin kuɗi da biro, ya ce duk abin da ake yi a dā shirme ne. Ya sami maƙiyi ke nan a ranar farko, kuma maƙiyin da ya san inda kowace takarda take. Da ya ce wannan littafi shi ya riƙe wurin nan shekara 25, yanzu aikin ya fi ƙarfinsa, muna kuma bukatar wanda ya san shi ya taimaka a juye shi, da ya sami mataimaki. Haka nan walimar ban kwana, da ambaton sunan mutum da aikin da ya yi a gaban jama'a, ba ɓata lokaci ba ne. Waɗanda suka rage suna kallo, kuma daga yadda aka yi wa mai tafiya suke karanta yadda za a yi musu.

Su ma waɗanda suka rage ɗin suna bukatar kulawa, ko da yake an cika mantawa da su. Aikin mutum uku ya dawo kan ɗaya, ga tsoron ko shi ne na gaba, ga nauyin zuciya in ya haɗu da abokinsa da aka sallama a kasuwa. Wannan mutum yana so a gaya masa abu huɗu, kamar yadda Bridges ya tsara: dalilin canjin, yadda wurin zai kasance in an gama, matakan da za a bi, da kuma nasa rabon aikin a ciki. Na ƙarshen shi aka fi tsallakewa, shi ne kuwa ya fi damunsa.

Ga wanda takardar ta riga ta iso hannunsa, dokar ƙasa ba ta bar shi haka kawai ba. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilan ma'aikata dalilin rage mutane da yawan waɗanda abin zai shafa. Ya ce a bi ƙa'idar wanda ya zo daga baya shi zai fara fita, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, a kuma yi iyakar ƙoƙari a daidaita a kan kuɗin sallama. Dokar fansho ta 2014 kuma ta ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, damar cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa na fansho. Ana neman wannan ne a ofishin kamfanin da ke kula da asusun, da takardar sallama a hannu.